Suna Naka, Yabo Na Wani: Yadda Ƙa'idar Tallan Kai Ta Bi Fatake Har Briqueterie

Tsakanin mutum ya faɗi ko shi wane ne da ya faɗi irin girman da ya kai akwai iyaka, kuma Hausawa sun shata ta tun kafin a san allon shago, ko katin kasuwanci, ko takardar da ake mannawa a bayan tasi. A yau iyakar tana neman shafewa, kuma unguwar Briqueterie da ke Yawunde, babban birnin Kamaru, wuri ne da ake ganin haka ƙarara. A titi guda za ka ga allon telan da bai rubuta komai ba sai sunansa da sana'arsa, kusa da shi ga na wanda ya naɗa wa kansa sarautar ɗinki, ko ya jera laƙabi uku a gaban sunansa, ko ya yi alkawarin maganin cutar da ta gagari likitoci. Dattawa in sun ga irin wannan sukan ce yabon kai jahilci ne. Matasa kuma su ce zamani ya juya, wanda bai tallata kansa ba da yunwa zai kwana. A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin maganar ne. Ƙa'idar da aka gada ba ta taɓa hana mutum bayyana kansa ba. Raba magana gida biyu ta yi: abin da za a iya bincikawa har a kama mai shi in ya yi ƙarya, an bar masa ya faɗa da bakinsa, abin da yake hukunci ne kan darajarsa kuwa, an bar wa bakin wasu. Wannan rabo yana da tarihi, kuma tarihin ya taho Yawunde tare da kayan fatake.

Hujja ta farko tana wurin da ake zaton ƙa'idar ta karye, wato kirari. Babu wanda ya kai ɗan dambe, ko ɗan kokawa, ko maharbi, ko ɗan tauri iya wasa kai. Ɗan dambe yakan shiga fage da hannu a naɗe, makaɗi ya sa masa takensa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannu yana kiran kansa da sunan duk abin da ake tsoro a daji da gari. Jama'a na ta shewa, ba mai cewa ya yi rashin kunya. Dalilin a fili yake: kafin kirarin ya huce abokin karawa ya fito, a gaban idon kowa za a ga wanda zai kai ƙasa. Ɗan taurin da ya ce ƙarfe ba ya cinsa, wuƙar tana hannunsa. Al'ada ta yarda da yabon kai a inda gwaji yake biye da shi nan take, inda ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Sharaɗin ɗaya ne a wajen mawaƙa. Ibrahim Narambaɗa da Mamman Shata kowannensu ya yi wa kansa Bakandamiya, amma bayan ya ƙware ya yi ta, kuma waƙar ita kanta ce jarrabawar, domin masu sauraro suna auna kowane ɗa da ya fito daga bakinsa. Duk da wannan dama da aka ba su, ba kirarin 'yan dambe ne ya raya sunayensu ba. Ɗan dambe Shago ya yi kirari iya ransa, amma waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace ce ta kai sunansa garuruwan da bai taɓa naɗa hannu a cikinsu ba.

A fada abin ya fi tsanani. Sarki ba ya yabon kansa, ba ya ma ɗaga murya. Yana da sanƙira da maroƙa da masu tambari da masu kakaki, su ne ke faɗin asalinsa da yaƙe-yaƙen kakanninsa yana zaune shiru cikin rawani. Kirare-kiraren sarakuna da littafin tarihin Kano ya adana, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, bakin wasu ne ya furta su. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna a wani nazari da ya fitar a 1957 cewa roƙo hanya ce da jama'a ke shelanta wa ke da asali, wa ke da sarauta, wa ke da wadata, kuma maroƙin da aka wulaƙanta yana iya juya yabo ya koma habaici da zambo. Nan ƙarfin tsarin yake. Yabon da ke bakin wani ana iya janye shi, shi ya sa yake da daraja.

Da malamai suka zo, sai suka ɗaure wannan al'ada da nassi. Aya ta 32 a Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa, kuma duk almajirin da ya zauna gaban malami ya sha jin faɗakarwa kan riya da jiji da kai. Sai dai malaman ba su tsaya nan ba, domin sun san cewa a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci halayensa biyu da suka sa ya cancanta. Sun san ayar ƙarshe ta Suratud Duha da ta yi umarni da ba da labarin ni'imar Ubangiji. Daga nan suka fitar da cewa mutum yana iya faɗin abin da ya iya idan akwai buƙata, idan gaskiya ne, idan kuma ya jingina shi ga wanda ya ba shi. Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta tarihin kansa ne da sunan ba da labarin ni'imar Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yakan buɗe littattafansa da sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, yana siffanta kansa da bawa mabuƙaci ga rahamar Ubangijinsa. Ƙanensa Abdullahi, da ya tashi nuna matsayinsa a ilimi, littafi ya rubuta a 1812 yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Wannan bayyana kai ne, har ma da ƙarfi, amma duk abin da ke cikinsa mai shakka yana iya zuwa ya tambaya. Da mutane suka fara raɗe-raɗin cewa Shehu ne Mahadi, shi da kansa ya ɗauki alƙalami ya musanta. Laƙabin da ya fi kowane girma a zamanin aka miƙo masa, ya ƙi karɓa saboda ba nasa ba ne.

Daga wannan makaranta sa hannu irin na Hausa ya fito. Marubucin waƙa yakan ajiye baitocin ƙarshe don ya faɗi sunansa, wani lokaci da na mahaifinsa da garinsa, ya sa shekarar da ya gama a ramzi, wato haruffan da in an haɗa lissafinsu za su ba da shekarar hijira, sannan ya roƙi gafara da addu'ar mai karatu. Mai kwafe littafi da hannu shi ma yakan rufe da sunansa da na mai littafin, ya nema wa iyayensa rahama. Al'adar ta ratsa daga zamanin Nana Asma'u har zuwa su Aliyu Namangi da Aƙilu Aliyu. Amfanin sunan shi ne a san wanda za a tuhuma in an ga kuskure, a san wanda za a yi wa addu'a in an amfana. Wasiƙa ma haka take. Waɗanda Turawa suka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, da H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna fasalin sarai: daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa da addu'a, sai "bayan haka", sai buƙata, sai sallama. Kalmomin girmamawa wanda aka aika wa ake jibga wa. Mai aikawa sunansa da muƙaminsa sun ishe shi, in sarki ne ga hatiminsa ya tsaya masa shaida. Fatake ma sun buƙaci wannan ladabi, domin wasiƙa ce ke gabatar da baƙo a garin da ba a san shi ba. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga da Kete-Krachi ya rasu a 1934, ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa tun a 1877, yana saurayi yana bin hanyoyin fatauci.

Hanyar da ta kai wannan tarbiyya Yawunde ta Adamawa ce. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu, ya kafa Yola a 1841, lamidai suka zauna a Ngaundare da Tibati da Banyo, fataken Hausa kuma suka bi bayansu suna neman hauren giwa da goro, daga baya da danƙo. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Hafsansu Hans Dominik ya riƙe shi daga tsakiyar shekarun 1890, kuma bayan da sojojin Jamus suka ci Tibati a 1899 hanyar arewa zuwa kudu ta buɗe, Hausawa suka yi zango kusa da sansanin. Jamusawa sun bar garin a farkon 1916, Faransawa suka mai da shi hedikwata a 1921, kuma yayin da birnin Turawa ke faɗaɗa an tayar da Hausawa fiye da sau ɗaya kafin su zauna a Ekoudou a shekarun 1930. Wurin gasa tubali na zamanin Jamusawa ne ya ba unguwar sunan Briqueterie da aka fi saninta da shi. An gina babban masallacinta a shekarun 1950. A bakin mutanen kudu, duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ne, ko Bafulatani ne ko Babarbare, daga baya kuma unguwar ta tara 'yan ƙabilar Bamun da mutanen Nijar da Nijeriya da Mali da Senegal.

A zango irin wannan ƙa'idar ta tashi daga ladabi ta koma jari. Baƙon da ya iso da shanu ko da tufafi ba ya tsayawa bakin kasuwa yana cewa shi mai amana ne. Maigida yake nema, wanda zai sauke shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali. Dillali ne zai yabi hajar, ya shiga tsakani, ya karɓi la'adarsa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar da shanun arewa bashi ga mahautan Yarabawa ba tare da takarda ba, maigida ne ke tsayawa lamuni, in mai saye ya ƙi biya shi zai biya. Mutumin da zai biya daga aljihunsa ba ya yabon kowa a banza. Haka zangunan Hausa suka yi aiki daga Kumasi zuwa Duwala, kuma Briqueterie ba ta fita daga wannan tsari ba. Kalmar "na san shi" daga bakin dattijon unguwa ta fi kowane laƙabi tsada, domin mai faɗinta ya ba da mutuncinsa jingina. Wanda ya zo yana cika baki kan kansa kuwa, sai a fara tambayar me ya sa ba shi da mai faɗa masa.

Masu ƙananan sana'a ma da wannan ma'auni suka yi talla. A ƙasar Hausa mahauci ba ya yawo yana cewa ya fi kowa. Masu kalangu ne ke kiɗa su sanar da gari cewa za a yi yanka, su wasa Sarkin Fawa da yaransa. Yarinyar da ke talla sunan abin da ke kanta take kira, ba nata ba. Ragowar wannan tana nan da rai a layin masu nama na Briqueterie, inda mutanen Yawunde daga kowace unguwa ke zuwa da yamma, har suka yi wa wurin laƙabi da ma'aikatar soya. Mai tsire yana tsaye bayan tukubarsa, hayaƙi na tashi, in ka tsaya ba zai yi maka dogon bayani ba. Zai yanko ɗan ƙaramin yanki da bakin wuƙa, ya dangwala a yaji, ya miƙo maka. In ya yi maka, a yanka na kuɗinka a naɗe a takarda. In bai yi ba, ka matsa gaba, ba a yi faɗa ba. Wannan shi ne sharaɗin ɗan dambe a wata siga: iƙirari da gwaji a lokaci guda. Laƙabin ma'aikatar ma ba masu naman ne suka raɗa wa kansu ba, masu saye ne suka ba su.

Abin da ya fara sassauta igiyar shi ne ɗab'i da rediyo. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, talaka ya samu damar ganin sunansa da garinsa a ƙarƙashin wasiƙar da dubban mutane za su karanta. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, ga kuma Rediyon Garwa da ke watsa shiri da Hausa da Fulatanci, duk ana kama su a zangunan kudu. Shirin Zaɓi Sonka ya haifar da wani sabon nau'in sa hannu. Mutum ya sayi kati, ya rubuta waɗanda yake gaisarwa, ya rufe da sunansa da laƙabinsa da unguwarsu, wani lokaci da sana'arsa da inda shagonsa yake. A karo na farko mutum ya iya kai sunansa kunnen mutanen da ba za su taɓa ganinsa ba, babu maigida, babu dillali, babu wanda ya tsaya masa. Gaisuwa ta fara ɗaukar talla a goye, su kuma gidajen rediyo, da yake kuɗin gaisuwa daban ne na talla daban, dole suka riƙa lura da inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. A wannan zamanin ne jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji, laƙabin Alhaji ya yawaita, har shugaban Kamaru na farko, Ahmadu Ahijo, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982, ana rubuta shi a gaban sunansa. Wasu malamai suna ƙyamar mutum ya maƙala wa kansa shi, suna ganin ibada ba abin talla ba ce. Amma ko a nan tsohon ma'aunin yana aiki, domin zuwa Makka abu ne da maƙwabta suka shaida: sun yi rakiya, sun yi tariya, sun sha zamzam. Matsalar ta fi tsanani ga laƙabin da ba wanda ya ga lokacin da aka same shi. Yawan masu kiran kansu Dakta da digirin girmamawa ne ya sa shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a Keffi a 2012 suka gindaya sharuɗɗan bayar da shi.

Gwamnatin Kamaru ta shigo maganar ta tata ƙofar. Dokar shugaban ƙasa ta 15 ga Yulin 1977 ta tsara sarautun gargajiya hawa uku, ta sa naɗi ba ya tabbata sai hukuma ta amince, don haka sarautar unguwa ba abin da mutum ke rubuta wa kansa ba ne. Kundin laifukan ƙasar yana hukunta wanda ya ɗora wa kansa muƙami ko digirin da ba nasa ba. An yi dokar talla a 1988, aka maye gurbinta da ta 29 ga Disambar 2006, wadda ta haramta tallan ƙarya da na yaudara, ta hana tallan taba a kafafen watsa labarai, ta kuma hana tallata wuraren jinya da hanyoyin magani a jarida da rediyo da talabijin da allunan titi. Hukumar birni tana da ta cewa kan inda ake kafa allo, tana karɓar kuɗi a kansa. Duk waɗannan suna da amfani, musamman wajen masu maganin da ke cutar da marasa lafiya da alkawarin banza. Sai dai doka tana kama ƙaryar da za a iya tabbatarwa a gaban alƙali ne kawai. Ba ta da abin da za ta yi wa wanda ya rubuta cewa shi ne gwanin gwanaye. Wannan fili, tun da can, kunya da idon jama'a ne ke gadinsa.

Akwai masu cewa duk wannan tsari munafunci ne: attajirin da ya biya maroƙi ya yabe shi ai kansa ya yaba, bakin wani kawai ya ara. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma malaman jihadi da kansu sun soki roƙo da kiɗan fada saboda ƙaryar da ke cikinsu. Amma ko yabon da aka saya yana da wani abu da yabon kai ba shi da shi. A bainar jama'a ake yinsa, gaban mutanen da suka san wanda ake yabo tun yana yaro. Maroƙin da ya kira marowaci mai kyauta, dariyar taro za ta gaya masa ya yi kuskure, gobe kuma kasuwarsa ce za ta faɗi. Kowa ya san an biya shi, kowa yana rage abin da ya kamata a rage. Allon da mutum ya rubuta wa kansa ba ya jin dariyar kowa, kuma baƙon da ya karanta shi ba shi da hanyar sanin nawa zai rage. Ba ina wanke roƙo ba ne. Ina cewa ne ko mafi raunin shaida ya fi babu shaida.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Tsarin da ya ce ka jira wani ya yabe ka yana yi wa wanda ya gaji suna daɗi. Ɗan gidan maigida an san shi tun kafin ya iya awo. Yaron da ya sauko daga Marwa ko Maraɗi da keken ɗinki ɗaya, ko matar da ke yin turaren wuta da ɗinkin mayafi a cikin gida, wa zai faɗe su? Yawunde kuma ba zangon 1930 ba ce. Ƙidayar 2005 ta samu mutum fiye da miliyan 1.8 a birnin, akasarin masu sayen shadda da masu kawo ɗinki ba sa jin Hausa, ba su san dattijon unguwa ba balle su tambaye shi. A 2008, hukumar birni ƙarƙashin Gilbert Tsimi Evouna ta rushe wani sashe na unguwar, a gefen da aka gina babban zauren wasanni na Warda da aka buɗe a 2009. Wanda aka tayar daga rumfarsa, in bai rubuta sunansa da lambarsa a inda za a gani ba, masu sayensa sun ɓace masa ke nan. Duk wannan gaskiya ne, kuma dattijon da ke kallon kowane allo a matsayin rashin kunya bai yi wa waɗannan mutane adalci ba. Sai dai amsar tana cikin ƙa'idar kanta. Abdullahi ɗan Fodiyo bai ɓoye karatunsa ba, ya lissafa shi. Tela yana da haƙƙin ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa, ya faɗi irin ɗinkin da ya iya, da wurin wanda ya koya, da shekarun da ya yi yana yi, da farashinsa, da ranar da zai ba da kaya, ya rataya babbar rigar da ya yi wa aiki a ƙofar shago kowa ya juya ta ya duba bayanta. Wannan duka talla ne, kuma babu ko ɗaya da al'ada ko addini suka hana, domin kowanne ana iya kama shi da shi. Hasali ma irin wannan tallan shi ya fi taimakon baƙo marar gata, tun da shi ne kaɗai abin da yake da shi wanda ɗan gata ba zai iya ƙwace masa ba. Idan kowa ya zama sarkin ɗinki a allonsa, mai kuɗin babban allo ne zai ci kasuwa, yaron da ya fi shi iya aiki ya rasa abin da zai bambanta shi.

Akwai kuma asarar da ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Abin da ya sa ma'aikacin gwamnati daga unguwar Bastos ko Mvog-Ada yake ratso gari ya kawo yadinsa Briqueterie, ko ya aiko a sayo masa kilishi, suna ne da unguwar ta tara cikin shekaru kusan casa'in, sunan da waɗanda suka riƙe amanar kayan baƙi da waɗanda suka cika alkawarin ɗinkin salla suka bari. Duk mai maganin da ya rubuta abin da ba zai iya ba, duk wanda ya ɗora wa kansa malantar da bai karanta ba, daga wannan taska yake ɗiba, kuma maƙwabcinsa mai gaskiya ne zai biya.

Saboda haka kiran yana kan waɗanda har yanzu ake jin maganarsu a unguwar: sarakunan al'umma, da limamai, da shugabannin teloli da na mahauta, da iyayen gidan da ke yaye yara daga koyon sana'a. Ku daina hana yara rubuta sunansu, ku koya musu abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa. Maigidan da ya yaye yaro ya yarda a sa sunansa a allon yaron, ya zama ya tsaya masa kamar yadda aka tsaya wa kakanninsa da suka iso da kaya a ka. Mai rubuta allo da mai buga kati kuma, duk wanda ya kawo muku laƙabi ya ce ku sa a gaban sunansa, ku tambaye shi wanda ya ba shi kafin ku ɗauki fenti.